Nama a Ƙasa, Dankali a Sama: Ziyarar Makiyayan Wensleydale

A watan Nuwamba, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ake sallar Magariba a Bradford ta Ingila. Kana idar da La'asar, kafin ka shanye kofin shayi an kunna fitilun titi, yara na dawowa daga makaranta cikin duhu-duhu. Ga wani yayyafi da ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zama ruwan kirki, sai dai ya jiƙa mayafi a hankali har sanyin ya kai ƙashi. A irin wannan lokaci na sauka gidan ƙanena, wanda ke aikin jinya a wani asibitin garin, shi da matarsa da tagwayensu mata da aka haifa a can.

Garin bai yi mini baƙunta sosai ba. Kusan mutum uku cikin goma na mazauna yankin Musulmi ne, yawancinsu 'ya'ya da jikokin mutanen Mirpur ta Pakistan da suka zo aiki a masaƙun ulu a shekarun 1950 da 1960. Yawancin masaƙun sun daina aiki, dogayen bututun hayaƙinsu dai na nan tsaye, amma masallatai sun cika gari, kuma a unguwa irin Manningham ba sai ka tsaya tambayar mahauci ko yankan Musulmi ne ba.

Maman 'Yan Biyu, matar ƙanen nawa, tana da wata abokiyar aiki Baturiya 'yar asalin Wensleydale, wani kwari da ke can arewacin Yorkshire, yankin da Bradford ke ciki. Mahaifiyarta na nan a gonarsu ta gado, mijinta ya rasu, ɗanta namiji ke riƙe da kiwon. Da tsohuwar ta ji labarin an yi baƙuwa daga Nijeriya, sai ta aiko a kawo ni in ga tumaki. A waya ta ce wa Maman 'Yan Biyu, "Zan yi muku shepherd's pie. Na san ba kowane nama kuke ci ba, don haka ku taho da namanku, sauran kayan kuma ku bar mini." Shepherd's pie ɗin nan abinci ne na niƙaƙƙen naman tunkiya a ƙasa, dakakken dankali a sama. Tun kafin in gan ta, wannan magana ta sa ta kwanta mini a rai. Ba ta tsaya a yi ta kame-kame a kan tebur ba.

Da safe muka biya wajen mahauci. Maman 'Yan Biyu ta sa ya yanko karfatar rago, ya zare ƙashin, ya niƙa tsokar a inji a gabanmu, kilo ɗaya cif. Na ce me zai hana a ɗauki cinya, tunda ta fi tsoka. Ta ce, "Yaya, cinya bushewa take yi idan an niƙa. Karfata ce mai ɗan kitse a jiki, shi ke riƙe daɗin." Ƙashin ma ba ta bari ba, ta ce a sassara a ƙulle mana daban, tsohuwar ta ce a zo da shi.

Daga tashar Shipley muka hau jirgin ƙasan da ke tasowa daga Leeds zuwa Carlisle. Ƙanena ya ƙi mu tafi a mota, ya ce wanda ya zo Yorkshire bai bi wannan layin ba bai ga komai ba. Muka wuce Saltaire da katafariyar masaƙar da Titus Salt ya buɗe a 1853, muka wuce Keighley da Skipton. Daga Settle ƙasa ta canza. Gidaje suka janye, bishiyoyi suka yi ƙaranci, sai tuddai tsirara masu ciyawa ruwan ƙasa, kawunansu a cikin hazo. Ko'ina ka duba katangu ne na baƙin dutse sun yanka tuddan gida-gida, suna hawa har inda ido ba ya kaiwa. Babu siminti ko laka a jikinsu, dutse ne aka jera kan dutse da hannu, kuma an ce idan aka haɗa tsawonsu a yankin ya kai kilomita 8,000. Na yi ta tunanin bayan mutanen da suka ɗauki duwatsun nan.

Tagwaye suka fara tsalle a kujera, "Gwaggo, ga gadar! Gwaggo, duba!" Gadar Ribblehead ce, mai baka 24, tsayinta mita 32, tsawonta mita 400, a tsakiyar fili inda babu komai sai iska. An gina ta a farkon shekarun 1870, kuma leburori fiye da ɗari suka mutu a aikin, wasu ta haɗari, wasu ta cutar agana. A shekarun 1980 hukumar jiragen ƙasa ta so rufe layin baki ɗaya saboda tsadar gyaran gadar, jama'a suka yi ca, aka fasa a 1989. A tashar Garsdale inda muka sauka har akwai mutum-mutumin wani kare, wanda aka dangwala sawun ƙafarsa a takardar koken hana rufe layin. Turawa da kare sai Allah.

Ɗan tsohuwar ne ya zo ɗaukar mu, wani dogo mai jan fuska wanda iska ta gasa, a wata mota mai warin tumaki da jiƙaƙƙen kare. Ba mai yawan magana ba ne. Amma da na tambaye shi tumakin da na gani a gefen hanya, masu baƙar fuska da farin hanci da murɗaɗɗen ƙaho, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce irin Swaledale ne, su ne ke iya zama a kan tudu cikin dusar ƙanƙara ba tare da ɗaki ba. Ƙasar nan, in ji shi, ba ta fid da alkama, ba ta fid da komai sai ciyawa, ciyawar ma gajera, kuma babu dabbar da ke mayar da ita nama sai tunkiya. Birtaniya na da tumaki sama da miliyan 30, da yawansu a irin waɗannan tuddai suke.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu makiyayi a bayansu. A can saman tudu, bayan katanga ta ƙarshe, fili ne na kowa da kowa, garken gidaje da yawa na kiwo a wuri guda ba shinge. Amma kowace tunkiya ta san iyakar wurinta, ba ta ƙetarawa, domin uwarta ta nuna mata tun tana 'yar ƙarama, ita ma haka za ta nuna wa 'yarta. Shi ya sa idan an sayar da gona a nan, da garkenta ake sayarwa. Ya ce wannan ne ya sa annobar baki da kofato ta 2001 ta yi wa makiyayan tudu ciwo fiye da kowa. An kashe dabbobi sama da miliyan shida a ƙasar a shekarar. Kuɗi na iya sayo wasu tumaki, amma ba sa sayo garken da ya san tudunsa. Daga nan ya yi shiru, ni ma ban ƙara tona maganar ba.

Lokacin barbara muka tarar. An saki raguna cikin tumaki, kowane rago an shafa masa launi a ƙirji, ja ko shuɗi ko rawaya, don a gane tunkiyar da ya hau da kuma makon da za ta haihu. Wata biyar ne cikin, saboda haka haihuwa za ta faɗo a Afrilu, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Gashin kuwa, da shi aka yi arzikin Ingila a da, yanzu ya ce sau da yawa kuɗin da yake biyan mai aski ya fi abin da ulun ke kawowa. Askewa yake yi don lafiyar dabbar kawai.

Gidan na dutse ne, mai kaurin bango da ƙananan tagogi. Ta ƙofar baya aka shigar da mu, muka tuɓe takalma cikin jerin takalman roba masu taɓo, muka faɗa kicin kai tsaye. A nan rayuwar gidan take. Akwai wani ƙaton murhun ƙarfe, Rayburn, da ba a kashe shi dare da rana idan sanyi ya shigo: shi ke dafa abinci, shi ke ɗuma gida, shi ke zafafa ruwan famfo, a jikinsa ake shanya safa. Tsohuwar gajera ce, ta doshi tamanin, hannuwanta manya kamar ba nata ba. Ta faɗa mini sunanta ta ce in kira ta da shi, yadda suke yi. Bakina ya kasa. Mama na riƙa ce mata, ta yi dariya ta amsa.

Ba ta bari mun zauna ba sai da ƙashin ya hau wuta. Ta zuba shi a tukunya da ruwa, da rabin albasa, da karas ɗaya, da ganye biyu na bay, ta tura shi gefen murhu inda wuta ba ta da ƙarfi. Ta ce ya yi ta ɓararraka a hankali kamar awa biyu, mu kuma mu sha shayi. Yawancin mutane yanzu dunƙulen ɗanɗano suke jefawa a ruwan zafi, ta ce, kuma ba laifi ba ne, amma ita ba ta san da wane nama aka yi na kantin ba, ba za ta ba mu abin da ba ta sani ba. Haka kuma wasu kan zuba jan giya a cikin naman. Ita ko da ma ba ta yi, ta ce uwarta ba ta taɓa ɓarnar giya a kan abincin ranar Litinin ba.

Abincin Litinin ne kuwa asalinsa. Ranar Lahadi bayan coci ake gasa babban yankin nama, a ci a rage. Washegari ranar wanki ce, mace ba ta da lokacin girki, sai ta ɗauko ragowar naman mai sanyi ta niƙa, ta haɗa da ragowar romo, ta rufe da dankali ta tura a tanda. Mama ta buɗe wani kabad ta fito da injin niƙan uwarta, na ƙarfe mai hannu, irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Ta ce tana yarinya nama da kati ake sayen sa, gwamnati ke ƙayyade wa kowane gida rabonsa tun lokacin yaƙin duniya na biyu, ba a saki ba sai 1954. Wanda ya tashi a wannan zamani ba ya zubar da ko loma. Ƙanena, mai son tarihi, ya sa baki ya ce tun 1791 wani limamin coci a Norfolk ya rubuta cewa ya ci cottage pie, sunan da suke kiran irinsa na naman shanu da shi. Mama ta ce wannan daban, na yau na tunkiya ne, kar a haɗa mata su.

Da romo ya yi, ta ɗora wani faffaɗan kasko mai nauyi, ta bar shi ya yi zafi sosai, ba ta sa mai ba. Kashi uku ta raba naman. Ta zuba kashi ɗaya ta baza shi, ta ƙyale shi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in juya, ta riƙe mini muciyar. Ta ce idan aka juye kilo guda a lokaci ɗaya, kaskon zai huce, naman ya fid da ruwa ya dahu a cikinsa ya yi fari-fari, ba zai soyu ba. So take ƙasansa ya yi ja har ya ɗan kama kasko. Sai da ya yi hakan ta farfasa shi ta kwashe, ta zuba na biyu. Kitsen da ya narke ta tsiyaye shi a kofi, ta bar kamar cokali biyu. Wannan ta ce shi ne wurin da mutane ke ɓata abincin: kitsen tunkiya idan ya yi yawa, yana hucewa yake daskarewa a dasashi.

A cikin ragowar kitsen ta soya manyan albasa biyu da karas huɗu da muka yanka ƙanana-ƙanana, a wuta kaɗan, har albasar ta yi laushi ta fara zaƙi. Sannan ta mayar da naman, ta sa cokali biyu na tumatirin gwangwani, ta barbaɗa cokali biyu na fulawa ta juya har fulawar ta ɓace. Ta tace romon ta zuba kamar kofi uku, tana kankare abin da ya kama a gindin kaskon yana narkewa a ciki. Gishiri, masoro, ɗan ganyen tayim da ta tsinko a bakin ƙofa. Shi ke nan kayan ƙamshin. Na tsaya ina jiran in ga attaruhu ko citta ko tafarnuwa, ba su zo ba.

Abu na ƙarshe wani baƙin ruwa ne a kwalba mai takarda ruwan lemo, Henderson's Relish, da ake yi a Sheffield tun ƙarni na 19. Sauran Ingila Lea & Perrins suke sawa, wanda aka fara sayarwa a 1837 kuma akwai ƙananan kifaye a haɗinsa, amma mutanen Yorkshire nasu suke so. Maman 'Yan Biyu ta karɓi kwalbar ta karanta bayanta, kamar yadda duk Musulmin da ke zaune a Turai ya saba. Ba nama, ba kifi. Na ɗiga a tafin hannu na lasa, sai na ji abin da na sani: tsamiya da kanumfari. Ashe da tsamiya ake yin su duka biyun.

Ta rufe kaskon rabi, ta ce a ba shi minti arba'in. Alamar ya yi ita ce ka ja cokali a tsakiya, hanyar ta tsaya ɗan lokaci kafin ta rufe. Idan ya yi ruwa, dankalin nutsewa zai yi.

A kan dankali ne na samu bakin magana, domin ni 'yar Jos ce, na tashi ina ganin buhunan dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ana lodawa zuwa ko'ina a Nijeriya. Amma da na fere nata na ga ba irin namu ba ne. Namu yawanci mai santsi ne, mai rawaya a ciki, yana riƙe jikinsa a miya ko a suya. Nata Maris Piper ne, fari mai gari-gari, wanda ke rugurgujewa da ya dahu. Kilo biyu muka fere, muka yanka shi daidai wa daida, ta zuba a ruwan sanyi da gishiri ta ɗora. Da ya dahu ta tsiyaye a kwando, ta mayar da shi cikin busasshiyar tukunyar a kan murhu na minti biyu, tururi na fita. Ta ce ruwan da ya rage a jikinsa ne abokin gaba. Daga nan ta yanko bota, ba kaɗan ba, ta jefa, ta ɗiga madara mai ɗumi 'yar kaɗan, ta miƙa wa tagwaye abin dakawa, wani ƙarfe mai huji-huji da mariƙi. Suka yi ta dannawa suna faɗa a kan layi. Ta hana a sa shi a injin markaɗe, ta ce yauƙi zai yi. Kuma ta bar shi da ɗan tauri, ya fi wanda ake ci haka nan ƙarfi, saboda rufi za a yi da shi.

Ta zuba koren fis daga firiza a cikin naman, ta juye shi a wani babban kwanon tangaran mai zurfi, ta ajiye a bakin taga ya sha iska. Nama mai zafi ba ya ɗaukar dankali, sai samansa ya ɗan kama. Bayan kwata ta fara ɗora dankalin cokali-cokali, daga gefe tana zagayowa tsakiya, tana manne shi da bakin kwanon don kada romo ya tsallake. Sai ta ɗauki cokali mai yatsu ta ja layuka a kai, ta tayar da 'yan tsinaye ko'ina. Na zaci ado ne. Ta ce tsinayen nan ne za su gasu su yi ƙamas-ƙamas. Ɗanta na son a barbaɗa cuku a sama, ita ba ta so, sai aka yi sulhu aka barbaɗa a rabi. Ta tura a tanda mai zafin digiri 200, ta ce rabin awa.

Kafin nan duhu ya rufe. Muka yi sallah a falo, ƙanena ya nemo alƙibla a waya, Mama ta kore karen zuwa waje ba tare da an roƙe ta ba. Ɗanta ya ce zai leƙa tumakin da ke filin ƙasa, wa zai raka shi? Ni da tagwaye muka zura takalman roba muka bi shi da tocila. Minti ashirin kawai muka yi, amma iskar da ke gangarowa daga tudu ta sa na daina jin yatsuna, hancina na zuba, haƙorana na haɗuwa. Idanun tumaki na ƙyalli kore a hasken tocila, karen na kewaya su da fito ɗaya na ubangidansa. Da muka dawo muka tura ƙofar kicin, ɗumi da ƙamshin gasasshen nama suka doke mu a fuska lokaci guda.

Kwanon na tsakiyar tebur, samansa ja-ja, romo na tsattsafowa ta gefe yana tafasa. Ta sa muka jira minti goma ya natsa. Babu wani abu kuma sai dafaffen kabeji a kwano da tulun ruwa. Kowa ya miƙa farantinsa ta zuba masa da babban cokali, mu muka yi bisimilla, ita ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar.

Zan faɗi gaskiyar abin da harshena ya ji. Loma ta farko salam. Bakin da ya saba da daddawa da attaruhu yana shiga neman inda abincin zai cije shi, bai samu ba. A loma ta uku ko ta huɗu ne na fara jin abin da ke ciki: zaƙin albasa da karas, ƙarfin romon ƙashi, ɗan tsamin nan a can ƙasa, da laushin dankali mai bota da ke narkewa ba sai an tauna ba. Abinci ne da ba ya neman komai a wajenka. Ba ƙashi, ba tsiga, ba wuƙa, cokali ɗaya ya isa, yaro da tsoho mara haƙori duk ɗaya. Kuma zafinsa na sauka ciki ya zauna. Na tabbata da a Kano aka ba ni shi a watan Afrilu da rana tsaka, da na ce Turawa ba su iya girki ba. A kicin ɗin nan, da yatsuna da ke dawowa hayyacinsu, ban ga abin da zai fi shi ba. Gasasshen saman kuwa tagwaye har rigima suka yi a kansa, suna kankare gefen kwano kamar yaran gidanmu a kan ƙanzon tuwo.

Duk da haka sai da na ciro 'yar robar yajin ƙuli daga jaka, don ba na tafiya ba ita. Na nemi izinin Mama, kada ta ga kamar raini ne. Ta ce in ba ta ta taɓa. Ta dangwala a bakin cokali, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta ce da daɗi amma ita ta tsufa da wannan. Ɗanta kuwa shiru-shiru ya ja robar gabansa ya barbaɗe farantinsa na biyu da shi, bai ce komai ba, gumi na tsattsafo masa a goshi. A ganina yajin ya dace da naman, ya tashe shi. Dankalin ne bai kamata a taɓa ba, aikinsa ke nan ya zama mai sanyin hali a kan abin da ke ƙasa.

Tagwaye ba su ko kalli yajin ba. Ɗaya ta ce, "Gwaggo, wannan ya fi na makarantarmu daɗi." Ashe ana ba su shi a abincin rana a makaranta, kuma Maman 'Yan Biyu ta ce duk ranar da ɗayarsu ta tashi da mura ko aka ɓata mata rai, shi take roƙo a yi mata, ba tuwo ba, ba fate ba. Maganar ta ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Jikokin mahaifiyata ne, wadda faten accanta ke tayar da mara lafiya. Na kalli ƙanena, ya gane kallon, ya ce, "Yaya, sanyin nan suka sani, abin da aka ba su a cikinsa shi suka riƙe." Ban ba shi amsa ba. Na dai ƙudura cewa kafin in koma sai sun iya tuƙa tuwo, ko da na semo ne.

An rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mama ta rufe shi ta ce gobe ya fi daɗi, ɗanta zai ɗumama idan ya sauko daga tudu.

Washegari Talata ce, ranar kasuwar Hawes, kilomita goma daga tashar da muka sauka. Ƙaramin gari ne mai titi ɗaya na kirki, amma karar tumakinsa sananniya ce a duk arewacin Ingila. A watan Satumba ake kawo dubban 'yan tumaki mata, waɗanda aka samu daga haɗa tunkiyar Swaledale da ragon Bluefaced Leicester, manoman kudu masu ƙasa mai albarka su zo su saya su kai can su hayayyafa. Mun leƙa zauren gwanjon, mai shela na zuba lissafi da saurin da ban kama ko kalma ɗaya ba, masu saye na ɗaga gira ko yatsa kawai. Muka shiga masana'antar cukun Wensleydale muka ɗanɗana, fari ne mai ɓarɓashi da ɗan tsami, na sayi dunƙule biyu. Mama ta cusa mini kwalbar Henderson's sabuwa a jaka, ni kuma na bar wa ɗanta robar yajin.

A jirgin komawa na yi ta lissafin yadda zan yi shi a gida. Naman rago ba matsala, mahauta na niƙawa. Dankalinmu mai santsi sai an bar shi ya dahu sosai, a busar da shi da kyau, a rage madara. In babu oben, babbar tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi za ta gasa saman, yadda ake yin kek a unguwa. Lokacinsa kuma Disamba ne ko Janairu, da daddare, in hunturu ya sauka.

Mun koma Bradford da kwana biyu, maƙwabciyarsu 'yar Pakistan ta ji labarin inda muka je da abin da muka ci. Ta kama baki, ta ce wai har Wensleydale muka tafi cin abincin asibiti? Da yamma sai ga ɗanta da kwano a naɗe cikin tawul. Shi ne dai, nama a ƙasa dankali a sama, amma naman irin keema ɗinsu ne, an soya shi da tafarnuwa da citta da kurkur da ɗanyen barkono, har dankalin an zuba masa ganyen koriyanda. Ƙanena ya ci faranti biyu yana share hawaye, ya ce wannan shi ne magana. Tagwaye suka kwashe dankalin sama suka bar naman. Ni na ci na ji daɗinsa ƙwarai, sai dai wani abinci ne daban, mai tashin mutum zaune, ba mai kwantar da shi ba. Kwanon nata ba mu mayar da shi haka nan ba. Na jiƙa shinkafa a daren, da safe na soya masa, Maman 'Yan Biyu ta yi miyar taushe da kabewar da ta samo a shagon 'yan Afirka, muka aika tagwaye su kai mata.